Ire-iren 'Yan Wasa a Gidan Gem na Ƙasar Gobir

A shekarar 1993 kamfanin Bullfrog na Ingila ya fitar da wasan kwamfuta mai suna Syndicate, wanda ya zana wata duniya ta gaba inda manyan kamfanoni suka ƙwace mulki daga gwamnatoci, kuma mai wasa yake jagorantar wakilai huɗu, kowannensu rabi mutum rabi na'ura, cikin titunan birane masu duhu. Daga baya aka mayar da shi kan na'urorin talabijin irin su Sega Mega Drive da Super Nintendo, inda aka sauƙaƙa zanensa, aka kuma maye gurbin linzamin kwamfuta da hannu, wato abin danne-dannen da ake riƙewa. Wasa ne na dabara wanda lokaci ba ya tsayawa cikinsa, ga shi ba ya buƙatar intanet, abin da mutanen Sabon Birni da Isa suka san darajarsa tun watan Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a yankinsu saboda matsalar tsaro. Ko da yake ƙwallon ƙafa ce sarauniyar gidajen gem, da za a ajiye wannan wasa gaban samarin Gobir, halayensu za su bayyana kashi-kashi.

Na farko shi ne Jikan Bawa Jangwarzo, wanda ke ganin laɓewa bayan gini abin kunya ne ga Bagobiri, saboda haka yake kutsa kai tsakiyar abokan gaba da wakilansa duka huɗu, ya rasa su kafin janareto ya gama ɗaukar zafi, sannan ya ɗaga hannun sama yana rantsuwar cewa maɓallansa sun saki.

Na biyu shi ne Mai Jama'a. Cikin wasan akwai wata na'ura da ake kira Persuadertron, wadda ke juya tunanin masu wucewa har su riƙa bin mai ita, kuma da zarar wannan ya gano ta sai ya manta aikin da aka aike shi, ya shiga zagaya birni lungu-lungu da ayarin mutane a bayansa tamkar ɗan takara ana jajibirin zaɓe, yana waiwayen 'yan kallo domin su shaida farin jininsa.

Na uku shi ne Sarkin Haraji, wanda ya ji cewa duk yankin da aka ci ana iya ɗora masa haraji, sai ya ja shi har ƙarshe, kuma idan jama'ar yankin suka yi bore ya zarge su da butulci, alhali shi kansa har gobe mai shago na binsa kuɗin wasan makon jiya.

Akwai kuma Kocin Bayan Benci, wanda bai taɓa biyan ko kwabo ba, amma ya fi kowa sanin inda ya kamata a bi, yana nuni da yatsa har ya tsare rabin talabijin, idan kuwa aka miƙa masa hannu sai ya tuna an aike shi kasuwa. Maƙwabcinsa shi ne Masanin Asali, mai cewa na kwamfuta ya fi wannan nesa ba kusa ba, hukuncin da ya yi daidai da gaskiya duk da cewa bai taɓa ganin na kwamfutar ba.

Na ƙarshe shi ne mai shagon kansa, wanda ido ɗaya ke kan agogo, ɗaya kan jarkar fetur, kuma wanda lokacin abokin cinikinsa ba ya ƙarewa sai daidai gaɓar da nasara ta kusa. Shi kaɗai ne ya fahimci darasin Syndicate ba tare da ya taɓa hannu ba, domin wasan yana koyar da cewa mai karɓar kuɗi ne ke mulki, su kuma masu gwabzawa, da mai nasara da wanda ya sha kashi, duk sai sun biya kafin a sake kunna musu.