Zuwa ga Kifayen Rijiyar Lemo

Tun ranar da na yi suɓul da baka a majalisarmu ta bakin titin Katsina, na ce na shiga ƙarƙashin teku na yi sama da rabin awa ina numfashi, ban sake shan shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na ɓullo daga wajen 'Yan Katako za ka ji wani ya ce, "Ku matsa wa Sarkin Ruwa, kada ya jiƙa mana tabarma." Mai shayin ma ya bi sahu. In ya miƙo mini kofi sai ya ce, "Malam, a yi a hankali, zurfinsa ya kai gaba biyu."

Ku ma masu karatu ba ku bar ni na huta ba. Wani daga Fagge ya aiko cewa mafarki na yi bayan na cika ciki da shinkafar Larabawa. Wata Hajiya daga Sabon Gari ta ce in da gaske ne in faɗa mata ko na gaisa da 'yan ruwa. Wani Bazazzagi kuwa cewa ya yi shi bai taɓa jin Bakano ya shiga ruwan da babu riba a cikinsa ba. Wannan na bar shi da halinsa, mutumin da babban tekunsa Kubanni ne.

To ku gyara zama. Hausawa sun ce in kifi ya fito daga ruwa ya ce kada ido ɗaya gare shi, wa zai musa? Ni rashin sa'ata shi ne kifayen rijiya nake yi wa bayani, rijiyar ma ta Lemo.

A Jidda abin ya faru, bayan na kammala Umara. A arewacin birnin akwai wani wuri da ake kira Abhur, inda Bahar Maliya ta kutso cikin ƙasa kamar harshe. Wani abokina da ke aiki a garin shi ya ja ni, ya damƙa ni a hannun wani malamin nutso Bamisire. Aka saka mini rigar roba da ta ɗame ni tamau, aka ba ni takalma masu faɗi irin ƙafar agwagwa, da gilashin da ke rufe ido da hanci, aka goya mini tukunyar iska a baya. Sannan aka ɗaura mini ɗamarar dalma a ƙugu. Eh, ni ɗin nan da kuke cewa na fiye nauyin jiki, sai da aka ƙara mini nauyi kafin in nutse. Dalili kuwa, babu wani kogi mai gudu rani da damina da ke zuba a Maliya, ruwan sama kaɗan ne, rana kuma tana ta shanye ta, don haka gishirinta ya kai kusan giram 40 a kowace lita, alhali yawancin tekuna 35 ne. Ruwa mai gishiri haka tallafe mutum yake yi. Rashin kogin kuma shi ya sa take garau, babu laka, kana hango abin da ke can nesa.

Malam na kusa da bishiyar darbejiya, wanda ya rantse cewa iskar asibiti aka ɗura mini, ya yi kaffara. Iskar nan ce dai da muke shaƙa a Kurna, sai dai babu hayaƙin A Daidaita Sahu. Matse ta ake yi da inji: tukunya mai cin lita 12 a cusa mata ninkin hakan sau 200, wato lita 2,400, iskar da za ta cika jarkar 'yan ga-ruwa mai lita 25 har guda 96. Daga tukunyar tiyo ya taho zuwa wani abu da kake cizawa a baki, shi ke sako maka iskar daidai lokacin da ka ja numfashi, daidai ƙarfin da huhunka zai ɗauka. Faransawa biyu, Jacques Cousteau da injiniya Émile Gagnan, su suka haɗa wannan na'ura a 1943. Abin da kuke musu a kansa ya girmi 'yancin kan Najeriya da shekara 17.

Ba zan ɓoye muku ba, na ji tsoro. Duk addu'ar da na haddace tun makarantar allo sai da na karanto ta a bakin tsani. Ruwa na rufe kaina kunnuwana suka ɗauki zogi kamar ana tura musu tsinke, domin ruwa nauyi gare shi: kowace mita 10 da ka sauka, an ƙara maka kwatankwacin nauyin duk iskar da ke bisa kanka a tudu. Maganin abin shi ne ka toshe hanci ka hura a hankali har kunnen ya yi ƙas. Da na yi haka na ji sakayau, Bamisiren ya dube ni yana tambaya da hannu, ni kuwa cikin murna na ɗaga masa babban yatsa. Kafin in ankara ya kama ni mun yo sama. Ashe a yarensu ɗaga babban yatsa na nufin a fitar da ni. In lafiya kake, haɗa babban yatsa da manuniya kake yi su zama zobe. Ya cire abin bakinsa ya ce, "Ya Hajji, me ya faru?" Na ce babu komai, gaisuwa ce. Wannan kaɗai na yarda ku yi mini dariya a kansa.

Tunda sunan unguwarmu ya zo da lemo, bari in yi muku misali da shi. Kun san in an girgiza lemon kwalba aka buɗe da gaggawa yadda yake tumfaya. Haka jinin mai nutso yake. A zurfi, wani kaso na iskar da yake shaƙa narkewa yake yi cikin jini da tsoka. In ya taso a guje sai ya zama kumfa a gaɓoɓi da jijiyoyi, abin da kan kai ga shanyewar jiki ko ajali. Shi ya sa ake tasowa sannu a hankali, a tsaya minti 3 a zurfin mita 5, ba a kuma riƙe numfashi, ba a hawa jirgin sama sai an kwana an wuni. Sabon shiga da ya samu takardar shaida ba ya wuce mita 18, masu yi don nishaɗi kuma iyakarsu 40. Ni a wajen 10 aka tsayar da ni, kuma ban roƙi ƙari ba.

Me na gani? Gari na gani. Bango ne ya miƙe ya yi ƙasa, jikinsa duk gidaje: wasu kamar ƙahon barewa, wasu kamar faifai an jera, wasu kamar ƙwaƙwalwar sa a teburin mahauci. Ƙananan kifaye masu ruwan lemo sun yi dandazo a bakinsa, in ka matsa su shige gaba ɗaya, in ka ja baya su fito, sai ka ce 'yan talla da motar hukuma. Kuma wanda ya ce muku ƙarƙashin ruwa shiru ne bai je ba. Ƙaras-ƙaras kake ji ta ko'ina. Wani kifi ne mai baki irin na aku yake gurgurar dutsen, ya cinye gansakukar da ke jiki, ya kasayar da sauran a matsayin farin yashi. Yashin da masu kuɗi ke shimfiɗa tawul su kwanta a kai, wani kasonsa ta nan ya biyo.

Wanda ya fi burge ni wanzaminsu ne. Ɗan kifi ne da bai wuce yatsa ba, da baƙin layi a jikinsa, yana da wurin zamansa da kowa ya sani. Manyan kifaye kan zo su tsaya cak, su wangale baki, shi kuma ya shiga har cikin haƙora yana tsince musu ƙwari da mataccen fata, ya fito lafiya. Wanda zai iya haɗiye shi da loma ɗaya shi ne ke bin layi. Ban ga wanda ya ce a rage masa kuɗin aski ba.

Na san za ku ce na ƙara gishiri. To ga gaskiya tun ba ku kama ni ba: ta cikin gilashin nan komai kan ƙara girma da kusan kashi ɗaya cikin uku. In na ce muku na ga kifi kamar ƙyauren shago, ku cire wannan kason, sauran ku bar mini abina. Launi ma yaudara yake yi. Ruwa ja yake fara shanyewa, tun daga wajen mita 5, sai komai ya koma shuɗi-shuɗi. Da Bamisiren ya haska tocila a wani abu da na ɗauka toka-toka ne, sai ga shi ja wur kamar dara.

Hajiya, yanzu na zo kanki. Ban ga 'yan ruwa ba, ko sun tafi unguwa ranar. Amma gidajen nan da na ce miki, sunansu murjani, kuma ba dutse ba ne tun asali, ba tsiro ba ne. Wasu mitsi-mitsin dabbobi ne masu laushi, kowace ta gina wa kanta ɗaki da wani abu mai kama da alli, in ta mutu 'ya'yanta su ɗora nasu a kai. Mai dunƙulen nan a shekara da ƙyar yake ƙara santimita ɗaya. Jan murjanin da kakarki ta ɗaura a wuya ranar aurenta ɗan'uwansu ne na Bahar Rum, wanda ayarin raƙuma ke kawowa daga Tarabulus ta Gadamas har Kasuwar Kurmi. Wato kin gaji ƙashin dabbar teku a cikin adaka kina kuma tambayata ko akwai wani abu a can ƙasa. In kuwa naki na roba ne, wannan tsakaninki da mai koli. Ku kuma ɗaliban Malam, Suratur Rahman ta ambaci lu'ulu'u da murjani, Suratu Sad ta ambaci masu yi wa Annabi Sulaimanu nutso. Kuna karantawa kullum, da na ce na leƙa sai ku ce ƙarya.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne alhazan cikinku. Wani ya je Makka sau biyar, duk zuwa sai jirginsa ya ratsa saman tekun nan, mai tsawon fiye da kilomita 2,000, mai kifi iri fiye da 1,000, amma yana ta minshari. Ya sauka Jidda ya je masallacin kan ruwa ya ɗauki hoto, ya shiga tsohon gari sayen turare, bai san bangon da ya jingina da shi da dutsen murjani aka gina shi ba. Kakanninmu da suka tafi a ƙasa ta Chadi da Darfur, a Sawakin suke jiran jirgin ruwa, tsibiri ce da ita ma aka gina gidajenta da murjani, kafin Ingilishi su fara gina Fot Sudan a 1905 kasuwarta ta mutu. Wasunsu ba su dawo ba; jikokinsu na nan a Mai Wurno da Gadarif da Kasala da Fot Sudan ɗin kanta, suna jin Hausa.

Kuma a ƙofar gidan waɗannan 'yan'uwa namu manyan wuraren suke. Bamisiren ya ce abin da na gani a Abhur ɗanɗano ne. Kimanin kilomita 25 daga gaɓar Sudan akwai Sanganeb, da'irar murjani a tsakiyar teku da doguwar hasumiyar fitila a kanta, inda a da mutane ke biyan kuɗi don su ga garken kifin shak mai kai kamar guduma. Biya suke yi, na ce, ku da ko ƙadangare ya faɗo daga rufi sai kun watse. A 2016 UNESCO ta saka wurin cikin kayan gadon duniya tare da gaɓar Dungonab da tsibirin Mukawwar, inda ɗan'uwan ayu na teku ke kiwon ciyawa a ƙasan ruwa. Masu sayar da man ayu, na san kunnuwanku sun miƙe. Ku kwantar da su, an hana taɓa shi.

Dab da tashar Fot Sudan kuma jirgin Italiya mai suna Umbria na kwance a kan haƙarƙarinsa. A watan Yunin 1940 sojojin ruwan Ingila suka tsare shi, kyaftin ɗinsa ya ji a rediyo cewa ƙasarsa ta shiga yaƙi, sai ya nutsar da shi da gangan don kada kayan su faɗa hannun abokan gaba. Bama-bamai 360,000 ne a cikinsa, da motocin Fiat, suna nan har yau murjani ya lulluɓe su. 'Yan gwangwan na Ƙofar Ruwa, wannan ba naku ba ne. Can gaba kuma a Sha'ab Rumi, a 1963, Cousteau ɗin nan ya kafa gida a zurfin mita 10, mutanensa suka yi wata guda a ciki suna ci suna kwana, har da akunsu. Fim ɗin da ya ɗauka a wurin ya ci kyautar Oscar. Aku ya yi wata a ƙarƙashin teku, ni na yi rabin awa an hana ni shan shayi. Sai dai yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya katse zuwan baƙi, Allah Ya kawo musu zaman lafiya.

Mutum biyu ne kawai in sun yi mini dariya zan sunkuyar da kai. Na farko Bakabe, wanda ke faɗawa Matan Fada a Argungu ba tukunya ba gilashi, da numfashin da Allah Ya ba shi, ya lalubo kifi da hannu cikin ruwan da ko tafinka ba ka gani. Na biyu mai yasar rijiya, wanda ke sauka da igiya cikin duhu inda iskar kanta kan kashe mutum. Su sun san ruwa ba sa'an kwando ba ne. Don haka kada wani yaro ya karanta wannan ya nufi kududdufi da tiyon ban ruwa a baki. Kowace damina 'yan kwana-kwana na tsamo gawarwakin yara a kududdufan Kano, kuma babu murjani a cikinsu sai leda da fasasshiyar kwalba.

Kai kuwa Alhaji, in Allah Ya sake kira, ka roƙi kujerar bakin taga, ka hana idonka barci idan an kusa Jidda. Za ka ga shuɗin ruwan ya yi dabbare-dabbare da kore mai haske, to garin ke nan. In ka dawo ka same ni wajen mai shayi, kuɗin kofina na ranar a wuyanka.