Ina Ne Gaban?

A Kura na tambayi wani dattijo hanyar Bunkure. Ya ce, "Yi gaba, ɗana." Na yi gaba har na tsinci kaina a bakin kanal, ruwan Tiga na gudu a gabana, gabana kuma na faɗuwa, don ban iya iyo ba.

Na komo na tarar yana yi wa tumatir ban-ruwa, yana hararar gonar maƙwabcinsa. Ya ce, "Gaba muke da shi, ba na ɓoyewa. Ya sha gabana ya tare ruwa."

Na ce, "To, Baba, noman ana ci gaba dai?"

"Ci gaban mai haƙar rijiya! Na kai kwando goma Kwanar Gafan, dillali ya kwashe gaba ɗaya, ya ce kuɗi sai nan gaba."

"Yaushe ke nan?"

"Ai shi ma gaba ya yi."

Turawa na taƙama da kalmar nan tasu ta "up", wato sama, mai fuska ɗari. Su zo Kura, a sa su gaba, su nemo Bunkure.