Yadda Kifin Ƙyalle Ya Kusa Tsinka Igiyar Aure a Babura

A danginmu, in aka sa ranar biki, kowace mace ta san kayan da ke kanta. Gwaggonmu ta Roni ita ce mai gara, alkaki da nakiya da dubulan duk daga hannunta suke fitowa. Yayarmu da ke aure a Gwiwa ita ce mai turaren wuta da humra. Ni kuwa, tun da Allah ya hore mini keken ɗinki Butterfly mai takawa da ƙafa, sai aka ɗora mini zanin gado da labule da rigunan filo. Shekara da shekaru ina yi, ba wadda ta taɓa kushewa a gabana. To da aka sa ranar autarmu da wani malamin firamare ɗan Babura, sai na ƙudurta zan yi abin da ba a taɓa gani ba a masarautar Kazaure, har ma da ta Ringim, tunda Babura can take.

Waya ce ta jawo. Wata tsohuwar Baturiya 'yar Amurka na gani a cikinta, da furfurarta da tabarau a karan hanci, tana ɗinka bargo da ƙyallaye. Hawa uku take yi masa: na sama ƙyallaye ne da aka harhaɗa, na tsakiya auduga, na ƙasa yadi guda. Sai ta bi da ɗinki ta ratsa duka ukun, don kada audugar ta dunƙule wuri ɗaya. A fuskar bargon kuma tana yanko siffofi ta ɗora: ga kifi, ga fure, ga wata 'yar yarinya mai doguwar riga da fukafukai biyu. Ragowar ƙyallen ta yi ƙanana da shi, ta cusa musu auduga, ta sa musu igiyar ratayewa. Turancinta ta hanci yake fita, ban tsinci komai ba, amma aikin hannu ba ya bukatar tafinta. Abu ɗaya ne ya ba ni haushi da ita. Sabon yadi take sayowa lafiyayye, ta sa almakashi ta daddatsa shi, sannan ta zauna tana haɗawa. Mu nan ƙyalle kyauta ne, tela har godiya zai yi miki in kin kwashe masa.

Ƙanin maigidana, wanda ke karatu a kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu a nan Kazaure, shi ya ƙara zuga ni. Yaron nan ba abin da bai karanta ba sai abin da zai amfane shi. Ya leƙa wayar ya ce, "Matar Yaya, ai wannan aikin da tarihinsa." Ya ba ni labarin wata baƙar mace, Harriet Powers, da aka haifa cikin bauta a jihar Jojiya a 1837, wadda bargon da ta ɗinka a 1886 yau yana ajiye a gidan tarihi na Smithsonian da ke Washington, wani kuma yana Boston. Ya ce masana suna kwatanta salonta da na maɗinkan fadar Abomey, a Jamhuriyar Benin ta yanzu, inda kowane sarki yake da tambarinsa da ake yankowa a ƙyalle a ɗora bisa yadi. Sarki Behanzin, wanda ya gwabza da Faransawa har suka kai shi gudun hijira a 1894, tambarinsa kifi ne, irin ƙaton nan na teku mai cin mutane. "Kin ga ke nan," in ji shi, "kayanmu ne ya tafi yawo ya dawo." Duk wannan ya faɗa mini, da shekaru da sunayen garuruwa. Abin da ya kamata ya faɗa, wato ko wace ce yarinyar nan mai fukafukai, shi ne ya haɗiye. Ku riƙe wannan, don in an zo rabon laifi.

Bayan Babbar Sallah na baza yara shagunan teloli, suka dawo da buhu cike: atamfa, shadda, leshi, yadin makaranta, har da guntun kakin wani ɗan sanda. Auduga ce ta gagara, sai na farke tsofaffin matasan kai na kwashe audugar rimi. Wanda bai taɓa buɗe rimi a tsakar gida ana iska ba, bai san tashin hankali ba. Ta shiga randa, ta shiga miya, ta hau kan akuya. Maigida ya tsamo wata a cikin tuwonsa, ya ɗaga ta ya duba, ya ce, "Wannan kuma sabuwar daddawa ce?" Ban tanka ba. Inna kuwa tana zaune a tabarma tana kallona, ta ce a zamaninsu gwado ake saya wa amarya, in mahaifinta mai hali ne a ƙara da luru, kuma ba ta taɓa jin gwado ya sa mutanen gida atishawa ba.

Keke ya yi ta karya allura, domin ba a yi shi don ratsa shadda da kaki da rimi a lokaci guda ba. Na koma ɗinkin hannu har yatsata ta yi kanta. Fure dai ya fito fure. Kifi kuwa karfasa na nufa, irin wadda masunta ke kawowa daga dam ɗinmu, amma saboda zaren da ya yi saura a bakinsa duk wanda ya gani sai ya ce tarwaɗa. Na bar su, tarwaɗa ma kifi ce, ta ma fi tsada. 'Yan matan masu fukafukai su na fi ƙawatawa. Na yi musu riguna da farin leshi, fukafukai da ragowar shadda mai ruwan gwal, na jera su a kusurwoyin bargon. A raina 'yar tsana ce aka sa wa fukafukin malam-buɗe-littafi.

Ana saura kwanaki kaɗan biki Gwaggo ta iso daga Roni da masu tuyarta. Na shimfiɗa bargon a tsakar gida ina jiran guɗa. Ta zagaya shi, ta duƙa, ta nuna kusurwa da yatsa.

"Ke, wannan fa? Aljana ce?"

Kafin in buɗe baki sai ga ɗan boko ya fito da buta a hannu. "A'a Gwaggo, ai a wajen masu abin siffar mala'ika ce. A jikin bishiyar Kirsimeti suke rataye ƙananan."

Salatin da Gwaggo ta saka, sai da maƙwabta suka leƙo ta katanga. Ko mayafi ban gama yafawa ba ta tasa ni gaba, da bargon a kan yaro, sai gidan malamarmu ta Islamiyya. Malama mace ce mai sanyin hali. Ta duba, ta danne dariyarta da gefen hijabi, ta ce mala'iku halittar haske ne, suna cikin gaibu, ba a suranta su da zare ko da alƙalami. Ta tuna mana hadisin da ya nuna mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da ke da surori. "Kin ga, 'yata, kin zauna kin ɓata idonki kina ɗinka abin da zai hana su shiga ɗakin ƙanwarki." Ta kuma kawo labarin labulen Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, mai surori a jiki, wanda aka cire aka mayar da shi matasai. Game da kifi ta ce malamai sun sassauta a kan abin da ake shimfiɗawa a zauna ko a kwanta a kai. Na ratayewa kuwa ban ambata mata ba. An ce mai tambaya ba ya ɓata, amma sau da yawa hana shi ake yi.

Muna dawowa Gwaggo ta karɓi almakashina, ta bi kusurwoyin nan ɗaya bayan ɗaya tana fille kawuna tana a'uziyya. Abin da ya rage doguwar riga ce da fukafukai. Na yanko jan ƙyalle na liƙa a gurbin kowane kai, na ce fure ne na ƙasar waje. Yaran gidanmu suka ce jirgin sama ne. Na kore su.

Saura na ratayewa. Kifin ƙyalle in ba a sa masa abu mai tauri a ciki ba langaɓewa yake yi, don haka na yagi takardu daga tsohon littafin lissafin ɗana na ninke na cusa. Baturiyar nan na ga tana zuba wani busasshen fure don ƙamshi, ni kuma na zuba kanumfari da ɗan turaren Yaya. Ƙyalle mai launi ya ƙare, sai na yi na ƙarshen da ragowar yadin kujera, ruwan ƙasa, mai kama da fata. Ranar jere muka ɗunguma Babura. Mata biyu ne suka ɗauko bargon daga mota suna nishi, da aka shimfiɗa shi kuma audugar rimin duk ta gangara ƙafar gado, amma aka yi guɗa, aka ce ba a taɓa gani ba, wanda kuma gaskiya ne. Da za mu fito na taka kujera na rataye kifin nan mai ruwan ƙasa a saman ƙofar ɗaki ta ciki, daidai inda mai shigowa zai bi ta ƙarƙashinsa.

Ba a rufa mako ba waya ta tashe ni da asuba. Amarya ce tana kuka. "Yaya, ki zo, sun ce mun zo da mallaka."

Ashe uwar miji ce ta shiga ganin ɗaki, ta ɗaga kai ta ga wani abu ɗinkakke ruwan ƙasa yana lilo a kan ƙofa, yana ƙamshin da ba ta gane ba. Ga kuma hujja a ƙasa: angon da kullum shi ke fara isa majalisa, tun da aka kawo amarya ba a ƙara ganin ƙeyarsa bayan isha'i ba, da safe ma sai an buga masa ƙofa. Ba wanda ya tsaya ya tuna cewa hunturu ake yi, kuma sanyin Babura, da ke bakin iyakar Nijar, ba wasa ba ne, kuma bawan Allahn nan yana ƙarƙashin bargon da sai mutum biyu ke ɗaga shi.

Muka tafi ni da Gwaggo da Kawu. Mun tarar zaure ya cika, mata sun yi cirko-cirko a bayan ƙofa. Kifina yana kan faifai a tsakiya, an ce da muciya aka sauko da shi, ba wanda ya yarda ya taɓa. Bayan gaisuwa mai sanyi, Kawu ya ce wa mahaifin ango, "Alhaji, a buɗe shi a gaban kowa, in an ga abin da ba shi ke nan ba, mu ɗauki 'yarmu." Wani dattijon malami ya nemi abin yanka, na zaro almakashina daga jaka na miƙa. Ya yi bisimilla ya farke cikin kifin. Kanumfari ya zubo. Daga bayan ƙofa aka ce, "Kun gani ko!" Audugar rimi ta tashi, malam ya yi atishawa, wata tsohuwa ta ce abin ya fara aiki. Sannan ya jawo takarda a ninke. Zauren ya yi tsit. Ni kaina da na cusa ta sai da gabana ya faɗi.

Ya warware. Gidaje ne murabba'i a jere, kowanne da lamba a ciki.

"Hatimi ne," in ji wani daga gefe.

Malam ya juya takardar sama, ya juya ta ƙasa, ya ce shi dai a iya karatunsa bai taɓa cin karo da hatimin da aka yi wa gyara da jan biro ba. Ango, wanda tun da aka fara kansa ke sunkuye, ya ce, "Allah gafarta malam, a ba ni in gani." Ya karɓa ya duba, sai kafaɗarsa ta fara rawa. Ya juya wajen mahaifinsa ya ce, "Baba, jadawalin sau ne na 'yan aji huɗu. Kuma ko asirin ne ba zai ci ba, don an rubuta bakwai sau takwas hamsin da huɗu." Bai tsaya nan ba, malamin makaranta ba ya ganin kuskure ya ƙyale. Ya bi layi-layi yana karanta wa jama'a inda aka faɗi, ya sanar cewa mai takardar ya ci biyu cikin goma, sannan ya ɗaga kai ya tambaya, "Yaya, wannan na wane ne a cikin yaran?"

Dariyar da aka yi a zauren nan, har malam sai da ya cire rawaninsa ya share hawaye. An wanke mu daga zargin asiri, an kuma tallata wa Babura kaf cewa ɗana bai iya sau ba. Ni a wajena na biyun ya fi ciwo.

Uwar miji ta fito ta kama hannuna tana ba da haƙuri, ta ce sharrin shaiɗan ne. Ta ja ni ɗakin amarya, ta ɗaga gefen bargon ta auna nauyinsa, ta shafa tarwaɗar da jiragen sama, ta ce wannan ya yi wa yara nauyi, zai sa su makara sallar asuba. Kafin la'asar an kai shi ɗakinta. Har yau a can yake, an ce ba ta ƙara kukan ciwon ƙafa da sanyi ba, ango kuma ya koma majalisa.

A mota Gwaggo ta so ta ɗora mini laifi, na ƙi karɓa. Laifin na ɗan boko ne da ya san shekarar haihuwar matar Jojiya amma ya kasa faɗa mini abin da nake ɗinkawa, da na Baturiyar da ba ta magana yadda mutum zai ji, da na yaron da aka biya wa kuɗin makaranta ya kawo biyu cikin goma. Shi na ƙarshen tuni na sa shi a darasin yamma.

Mai son bargon amarya, ina nan a Kazaure ina karɓar aiki, amma fure zalla nake yi yanzu, kifi sai an zo da shaidu biyu daga dangin ango. Mutanen Babura kuma, don Allah duk wanda almakashina yake hannunsa, mai baƙin mariƙi ne, ya ba direban motar Kazaure ya kawo mini.