Malamin Yoga a Kara

Tun 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yuni don yoga, motsa jikin nan na Indiya. A Turai har kuɗi ake biya a koyi zaman raƙumi: a durƙusa, a ja numfashi, a saurari zuciya.

Allah sarki! Da sun leƙo Maigatari ranar Alhamis.

Ga gwanin can a kara, an koro shi daga Nijar. Dillalai na ta rantse-rantse, ana tayi, ana albarka. Shi ko a jikinsa. Ya lumshe ido yana tuƙa. Zuciyarsa ta ce kada ya tashi, ƙarti sun taru sun kasa.

Darasi kyauta ne. Ɗalibi dai ya yi nesa da bakin malam.