Takarda daga Tokyo zuwa ga Kawu kan shari'ar ɓeran lantarki

Zuwa ga Kawu,

Ɗan da Kawu ya sallama zuwa Japan neman ilimi yana sanar da cewa ƙarar da yaran gida suka ɗaukaka ta iso gare shi, wato ko katun ɗin Pokémon yana bin ƙa'idojin faɗa na wasan bidiyon da ya haife shi, kuma ya zurfafa bincike gwargwadon girman al'amarin, duk da cewa ba wannan aka turo shi karantawa ba.

Wasan, wanda kamfanin Game Freak ya ƙirƙira kuma Nintendo ta fitar a 1996 a kan 'yar na'urar hannu mai suna Game Boy, an gina shi ne bisa karɓa-karɓa, ma'ana kowane ɓangare ya zaɓi bugunsa sannan ya tsaya cak a rama masa. Mai wasa ba ya riƙe dabba fiye da 6, kowace dabba ba ta sanin bugu fiye da 4, sannan akwai jinsi 18 a yau da suke rinjayar juna, inda ruwa ke cin wuta, wuta ke cin ciyawa, ciyawa kuma ke cin ruwa. Katun ɗin, wanda tashar TV Tokyo ta fara nunawa a 1997, ya kiyaye adadin dabbobin da yawancin wannan rinjaye, amma ya yi fatali da layi, ta yadda wasan ya zama tamkar dara, katun ɗin kuwa dambe, kuma damben da mai gidan ɗan dambe yake iya yi masa ihun ya goce, umarnin da babu shi a ainihin wasan, inda lissafin sa'a ne kaɗai ke sa bugu ya kuskure.

Babban laifin yana wuyan Pikachu, ɓeran nan mai fitar da lantarki, domin doka ta ce lantarki ba ya yi wa jinsin ƙasa komai, amma sai ga shi ya gigita Onix, macijin dutse ɗan jinsin ƙasa na wani abokin karawa mai suna Brock, bayan yayyafin kashe gobara ya jiƙa shi, har aka ba Ash, ubangidan Pikachu, lambar nasara alhali bai ƙarasa faɗan ba. Daga baya ya kayar da Rhydon, shi ma ɗan jinsin ƙasa, da hujjar cewa ƙahonsa aka nufa, hujjar da babu alƙalin da zai saurare ta. Uzurin masu zanen a bayyane yake, tunda ba mai zaman rabin sa'a yana kallon dabbobi biyu suna jiran juna cikin ladabi, kuma tun a 1998 wasan da kansa ya fara kwaikwayon ɗan nasa, lokacin da aka fitar da Pokémon Yellow mai Pikachu yana bin mai wasa a baya.

Hukuncin dai shi ne katun ɗin yana bin doka matuƙar ba ta tsaya a gaban jarumi ba, don haka kowane ɓangare na yaran yana da rabin gaskiya. Ana kuma jawo hankalin Kawu ga cewa Ash ya shafe shekara 25 yana ɗan shekara 10 kafin ya ci kambun duniya a 2022, ba tare da danginsa sun tambaye shi zancen aure ko kuɗin gyaran soro ba, saboda haka ana roƙon irin wannan haƙuri, tare da kilishi da yaji idan an sami mai tahowa.

A gaida Inna da sauran mutanen gida. Wassalam.

Daga ɗan Kawu mai biyayya, mazaunin Tokyo.