Zuwa Ga 'Yar Kawu, Uwar Bikin Gyaɗi-Gyaɗi

Ke 'yar Samaru, da fatan kin isa lafiya, kuma motar da ta ɗauke ki ba ta durƙushe a Kwanar Dangora ba saboda nauyin kayanki. Na yi ta kiran wayarki kin ƙi ɗagawa, to ga ni na biyo ki ta jarida, inda duk Zagezagin da kika koma cikinsu za su karanta. Kada ki ɓata bakinki wajen kai ƙara. Maganar taubasai ce, Kawu da kansa ba shi da hurumi a cikinta.

Kin shaida wa duniya cewa kewar mahaifinki ce ta taso ki daga Zariya ranar Juma'a, tafiyar awa biyu da wani abu, don ki taya shi murnar zagayowar ranar haihuwarsa. Har da hawaye a shafinki. Ni da na tarbe ki a tashar Unguwa Uku na san abin da ke cikin jakarki: kayan wanki na wata guda, da buhun bakko babu komai a ciki, an ninke shi an tura can ƙasa don kada a gani. Ban taɓa jin mai zuwa gaisuwa ya taho da buhu fanko ba. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Amma bari mu fara da ranar ita kanta, don nan ne shari'ar take. A ina kika samo ta? Kin ce Facebook ne ya tuna miki. To yaron da ya buɗe wa Kawu shafin, ranar da ya sayi waya a Farm Centre, shi ya zaɓa masa wannan rana, don da ya tambaye shi, Kawu cewa ya yi ya sa duk wadda ta sauwaƙa, yana sauri zai wuce masallaci. Wannan ɗaya ke nan. Ta biyu tana cikin fayil ɗinsa na ofis, 1 ga Janairu, kamar ta rabin sa'o'insa. Duk wanda ya taɓa leƙa takardun ma'aikatan wancan zamani zai ɗauka matan Kano sun haɗa baki ne suna haihuwa a rana guda. Asalinta kuwa hedimasta ne. Ranar shiga firamare ana sa yaro ya ɗora hannu ta saman kai ya kamo kunnensa, in ya kamo ya isa makaranta, sai malam ya dubi tsayinsa ya yanka masa shekara. Daga baya aka je kotu aka yi takardar rantsuwa, ƙiyasin hedimasta ya zama doka. Da shi ake lissafa ritaya, shekara 60 da haihuwa ko 35 ta aiki, duk wadda ta riga zuwa.

Ta ukun ita ce ta gaskiya, kuma ita ce ba ki tambaya ba, alhali mai ita tana zaune a ɗakin tsakar gida tana jan carbi. Hajiya Kaka ba ta san Janairu ba, amma lissafinta ba ya kuskure. Ta ce tana da ƙaramin cikinsa aka kashe Sardauna, cikin azumi, wato Janairun 1966, ta haife shi da damina gero ya fara fitar da kai. Lambar da kika dasa a kan kek ta rage masa shekara biyu cur a kan wannan lissafi. In kuma da watannin Musulunci za a bi, sai a ƙara masa kusan wasu biyun, tunda shekarar wata ta gaza ta rana da kwana 11, duk shekara 33 ana samun rarar guda. Kin ga mutum ɗaya, rana uku, shekaru iri uku, ke kuma kika zaɓi wadda ta faɗo daidai lokacin da garin kwakinki ya ƙare.

Abin da iyayenmu suka riƙe shi ne ranar mako, shi ya sa gari ya cika da Ɗanjuma da Ladi da Talatu da Asabe. Kawu ɗan Laraba ne, tsofaffin gidan har yau da sunan masu Laraba suke kiransa. Da al'adarmu za ki bi tsakani da Allah, duk mako kina da kek a wuyanki. Ke kam an haife ki a Asibitin Malam, ga kati, ga takardar Hukumar Ƙidaya, har ƙarfe nawa an rubuta, sai kike zaton kowa haka ya zo duniya da rasit.

Sai kuma hidimar bikin. Ranar Asabar tun da hantsi aka tashe ni, wai ni ne babban yaya, in je Kasuwar Tarauni. Na tsaya wajen masu kaji ana yanka ana fige, na yi cinikin tattasai da attaruhu da albasa, na sayo kabeji da karas na wani haɗi da kika gani a waya, na biya ɗan sahu daga aljihuna. Ina dawowa kika sake tura ni Titin Gidan Zoo in karɓo kek, na rungumo shi a cinya, duk ramin da muka faɗa sai na yi salati. Da aka zo ɗaukar hoto kuma aka ce in matsa, rigata ta yi gumi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Shi kansa kek ɗin akwai magana. Na san Naira 20,000 ce asusun lamunin ɗalibai na NELFUND ke ba ku ta abinci duk wata, kuma na san inda taki take ƙarewa tun kafin a kai tsakiyar wata. To da me kika saya? Sai daga baya Ummanku ta yi suɓutar baki: mako biyu kafin bikin kin bugo wa Kawu waya, murya a raunane, wai an ce ku sayi takardun lacca. Ya tura. Bawan Allah, da kuɗinsa aka yi masa ba-zata, har yana sa miki albarka yana cewa yarinyar nan ta san darajar iyaye.

Ba zan rage miki ba, da aka idar da sallar isha'i ya shigo ya tarar da balan-balan a falo, fuskarsa ta yi abin da ban saba gani ba. Da farko ya ɗaure ta, ya ce shi bai gaji wannan ba, malamai ma sun yi saɓani a kai, da kuɗin aka yi waina aka raba wa almajirai da ya fi masa. Kika ce an riga an yi wainar, an kuma raba. Nan kam kin yi dabara, ya rasa ta cewa. Kika kunna kyandir, sai aka ɗauke wuta, kamar an jira. Kika ce ya hure, ya ce ba zai kashe haske a gidan da ya rasa haske ba, a bar shi ya ci har a tada janareta. Haka muka tsaya muna kallon kyandir yana narkewa a kan lambar da kika sha wahalar zaɓa. Da aka yanka, mutumin da likita ya hana shan sukari ya ci yanki guda a gaban jama'a, ya sa aka ɓoye masa wani, wai na abokansa na majalisa ne. Na zauna a majalisar washegari, ban ga an fito da komai ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne bakinki. Shekara biyu kacal a Zazzau, har na ji kin ce “Umma ya gama abinci.” Ki yi hattara, haka ake farawa, sai mace ta koma namiji a bakinki gaba ɗaya. Ga Jami'ar Bayero nan cikin gari, ɗan sahu biyu ya kai ki, kika tsallake ta kika tafi ƙauyen Samaru. Na san amsarki, don kullum ita kike ba ni: wai jami'arku ta ABU tun 1962 take, Bayero ma a ƙarƙashinta ta tashi a matsayin Kwalejin Abdullahi Bayero kafin ta ci gashin kanta a 1977. Na ji, na yarda. Sai dai ban taɓa ganin ɗan Kano mai karatu a Kano ya ƙirƙiro biki don ya ci tuwon gidansu ba. Kuma da kuka yi zaman wata takwas a gida lokacin yajin aikin malamai na 2022, ku ɗaliban nan babu wanda ya yi kewar kowa, kullum addu'arku a janye ku koma.

Ranar Lahadi buhun bakko ya fito fili. Garin kwaki, ƙuli-ƙuli, yajin daddawa, man gyaɗa, taliya, shinkafa 'yar Kura da za ki sake wucewa da ita ta garinsu, soyayyar miya a roba, da dambun naman da Hajiya Kaka ta ce nawa ne. Ragowar kajin da na tsaya aka fige ma sun bi ki ɗakin kwanan Amina. Mu biyu muka kinkimi buhun zuwa bakin Titin Zariya, kwandasta ya ɗaga ya ajiye, ya ce sai an biya masa kujera. Ni na biya. Ki haɗa da kuɗin ɗan sahu da na sharar bara da har yau ba mu kashe maganarsa ba.

Yanzu kuma labari ya iso ni wai kin fara binciken ranar haihuwar Hajiya Kaka. Na hutar da ke, na tambaye ta. Ta ce a zamanin Sarki Alhaji aka haife ta. Sarki Alhaji, wato Abdullahi Bayero, ya yi sarautar Kano daga 1926 zuwa 1953, kin ga fili ya samu, shekara 27 ce a gabanki. Ki duba ranar da manki zai ƙare ki sanar da mu, amma wannan karon ke za ki je Kasuwar Tarauni.