Keke Ya Fi Dacewa da Hanyar Arlit

Masu yawon buɗe ido da ke taka keke daga Aljiyas zuwa Legas, tafiyar kilomita kusan 4,500 ta Tamanrasset da Assamaka da Arlit da Agadez da Damagaram da Kano, mutane na ce musu masu taɓin hankali, musamman idan sun fito a bazara. Ni kuwa ina ganin sun fi kowa lissafi. Tun 1971 kamfanin Somaïr ke haƙo yuraniyom a Arlit, kamfanin Cominak ya yi nasa a Akokan har aka rufe shi a 2021, ƙarfen ya haskaka gidajen Faransa, amma hanyar da aka shimfiɗa dominsa daga Tawa ta koma rami na bin rami. Tayar keke ɗan tafin hannu na kwalta take buƙata, kuma iyakar abin da ya rage ke nan.

Za a ce zafi fa, tunda a watan Mayu yakan wuce digiri 40? To, fasinjan da motarsa ta lalace tsakanin Arlit da Agadez rana ɗaya ce ke gasa su da mai keke, sai dai shi ya biya kuɗin mota kafin a gasa shi. Za a ce ƙishirwa. Gaskiya ne, amma mai keke cikinsa kaɗai yake shayarwa, direba kuwa har da lagireto. Maganar 'yan fashi ce kaɗai mai nauyi, ko da yake ɗan fashin da ya ƙwace keke a Sahara sai ya taka shi da kansa zuwa gida.